Me ya sa zanen Leonardo ya fara ɓarewa tun yana raye, na Mikelanjelo kuwa har yau tar?

Ɗalibar_Zane:
Salamu alaikum. Malamai, a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Leonardo da Binci ya kammala zanen Jibin Ƙarshe, wato cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa, a bangon ɗakin cin abinci na gidan sufaye na Santa Mariya delle Giraziye da ke Milan wajen 1498. Mikelanjelo kuma ya gama zanen rufin ɗakin ibada na Sistin a Roma a 1512. Shekara 14 ce kacal a tsakani. To amma tun 1517 wani baƙo da ya ziyarci Milan ya rubuta cewa na Leonardo ya soma lalacewa, alhali mai zanen yana raye, sai a 1519 ya rasu. Na Sistin kuwa ga shi nan har yau. Fentin Leonardo ne ba nagari ba, ko kuwa kula ce fadar Fafaroma ta fi iyawa?

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Kuɗi ne kawai, ƙanwata. Fafaroma Juliyus na Biyu ya zuba dukat 3,000, kuɗin zinariya na lokacin, a aikin Sistin. Mai kuɗi ke sayen kaya masu ƙwari, ko jiya ko yau.

MaiBuroshi:
Malam Sarki, ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya ba Leonardo aikin shi ne Ludobiko Sforza, mai mulkin Milan, kuma ba matsiyaci ba ne. Hasali ma launukan da ke rufin Sistin galibinsu masu araha ne, ƙasa ce ja da rawaya da koriya.

Bambancin yana ga yadda kowa ya sa launin a bango. Mikelanjelo ya yi abin da Italiyawa ke kira firesko, wato zane a kan ɗanyen shafe. Ana jiƙa garin launi da ruwa zalla, babu gam babu mai babu ƙwai, a shafa shi kan filastar farar ƙasa tun ba ta bushe ba. Idan ta kama, launin ya zama ɓangaren bangon kansa. Tun ran gini tun ran zane kenan, a zahiri ba karin magana ba.

Leonardo bai yi haka ba. Ya bari bangon ya bushe, ya shimfiɗa masa ƙasa mai alli da aka kwaɓa da abin ɗauri, ya bi da siririn shafe na farin dalma, sannan ya yi zanen da launin da aka haɗa da ƙwai da mai, tamkar yana zane a kan allon katako. Irin wannan fenti fata ce a kan bango. Duk ranar da laima ta biyo ta bayan fatar, sai ta ɗago ta ta fara zuba ɓawo-ɓawo. Ga shi kuma bangon da aka ba shi na arewa ne, mai danshi, a ɗakin da ake shigo da abinci mai tururi kullum.

Malama_Kimiyya:
Bari in ƙara a kan abin da Malam MaiBuroshi ya faɗa, don kada a ɗauka shan launi filastar ke yi kamar yadda tsumma ke shan ruwa. Kuma farar ƙasar da ake magana ba wadda ake haƙowa a jiƙa a shafa wa ɗaki ba ce. Dutse ne ake ƙonawa.

Ana gasa dutsen a wuta mai zafin digiri 900 ko kusa da haka, iskar kabon dayoksaid ta fice daga cikinsa. Abin da ya rage, in ka zuba masa ruwa sai ya yi zafi har ya tafasa, ya koma kamar kindirmo mai kauri. Wannan shi ne kalsiyam haidiroksaid. Da an kwaɓa shi da yashi an shafa a bango, ruwan da ke ciki zai riƙa fitowa sama ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa, ita kuma tana haɗuwa da kabon dayoksaid na iska tana komawa dutsen da ta fito. Ƙwayoyin launin da ke saman sai wannan siririn ɓawon dutse ya rufe su ruf. Shi ya sa za ka iya wanke firesko na gaske da ruwa bai zuba ba.

Abin lura: bushewa daban, kamawa daban. In ruwan ya ƙafe da sauri tun ɓawon bai haɗu ba, launin zai zauna a sama kamar hoda, ka shafa da yatsa ya biyo ka.

TsohonMagini:
Madalla da Malama. Ni ta ɓangaren shafen zan shigo, don a nan yawancin aikin ke mutuwa tun kafin mai zane ya ɗauki buroshi.

Farar ƙasar da aka kashe da ruwa ba a amfani da ita nan take. Rami ake zuba ta, a bar ruwa ya rufe ta wata da watanni. Filini, marubucin tsohuwar Roma, ya ambaci dokar gini da ta hana a yi aiki da wadda ba ta kai shekara uku ba. Dalili: in akwai ɗan gutsuren da bai sha ruwa ya mutu ba, zai mutu ne a cikin bango, ya kumbura, ya fasa shafen ya bar rami kamar zanzana. Wani lokaci a tsakiyar fuskar da aka ɓata yini ana zanawa.

Yashi kuma na kogi, wankakke, tankaɗaɗɗe. Na bakin teku bai yi ba saboda gishiri. Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin koyar da wannan sana'a wajen 1400, ya ce yashi kashi biyu, farar ƙasa kashi ɗaya.

Shafi na farko, arricco, kaurinsa kamar santimita ɗaya ko ya ɗan fi, kuma da gangan ake barin sa da kaushi don na biyu ya sami abin kamawa. A bar shi ya bushe sarai. Na biyun, intonako, da yashi mai laushi, kaurinsa 'yan milimitoci ne, a lailaye shi da cokalin gini. Kafin a sa shi dole a jiƙa na ƙasan sosai, in ba haka ba zai zuƙe ruwan sabon shafen cikin ɗan lokaci.

Kurakuran da aka fi yi: farar ƙasa ta yi yawa, shafe ya tsattsage yayin bushewa. Yashi ya yi yawa, shafe ya yi gari, ba ya riƙe launi. An cika lailaya da cokali, fuskar ta toshe ta yi santsi, launi ya riƙa zamewa.

Ɗalibar_Zane:
Na gode, Baba. To in sai shafen yana ɗanye, yaya aka yi da rufin da tsawonsa ya kai mita 40? Ai kafin a kai tsakiya farkon ya bushe.

MaiBuroshi:
Ba a shafe shi gaba ɗaya. Kowace safiya mai shafe zai sa intonako daidai gwargwadon abin da mai zane zai iya gamawa a ranar. Wannan yanki shi ake kira jornata, aikin yini. Ana ɗan jira har ya daina lotsawa in an taɓa, daga nan akwai kamar awa shida zuwa takwas, gwargwadon yanayi. Da yamma abin da ba a kai gare shi ba a yanke shi da wuƙa a karkace, gobe a haɗa sabon shafe a bakin. Masu iyawa suna ɓoye mahaɗar a gefen riga ko layin gini. Kan mutum ɗaya yakan ci yini guda, sararin sama mai faɗi shi ma yini guda. Kuma daga sama ake farawa a gangaro, don abin da ya ɗiga kada ya ɓata gamammen aiki.

Da yake sabon shafe kullum yana ɗan hawa kan na jiya, in aka haska fitila daga gefe ana iya ƙirga kwanakin, har a san wanne ya riga wanne. A rufin Sistin an ƙirga kimanin 570. Hoton Halittar Adamu ya ci 16, jikin Adamu shi kaɗai huɗu.

Kuskure kuwa ba a goge shi. Sai dai a sa guduma da kurfi a fasa yankin a sake. Wani abin wahalar: launi yana yin haske bayan ya bushe, saboda haka abin da ka gani da rana ba shi za ka gani bayan mako biyu ba. Shi ya sa ake haɗa launin da zai isa riga guda tun farko, mai duhu da matsakaici da mai haske, kowanne a kwanonsa, don ta yau ta dace da ta jibi.

Damagaram_Zane:
Ƙarin bayani kaɗan kan yadda ake sanin inda za a bi, tunda shafen yau yana rufe abin da ke ƙasa. Masu zanen farko-farko suna zana dukan hoton a kan arricco da jar ƙasa, ana ce masa sinofiya, daga sunan garin Sinof na bakin Baƙin Teku inda ake samo ƙasar. Daga ƙarni na 15 aka koma zana hoton a takarda daidai girmansa. Ko dai a huda layukan da allura, a ɗora takardar kan ɗanyen shafe a bubbuga ƙullin garin gawayi a kai, ɗige-ɗige su fito. Ko a bi layukan da tsinke a danna, su bar gurbi. Hudawa ta fi fitar da daki-daki, ita ake yi wa fuska da hannu. Dannawa ta fi sauri. Mikelanjelo ya yi duka biyun, kuma a yankunan da ke saman tagogi bai ma yi amfani da takarda ba.

Alƙalamin_Tarihi:
Mu koma kan Leonardo, don kada a fita da tunanin rashin sani ne ya sa. A Fulorens ya koyi sana'a, garin da ko'ina ka juya firesko ne. Ya san hanyar, ƙin ta ya yi.

Matteyo Bandello, wanda yana yaro a gidan sufayen lokacin da ake aikin, ya ba da labarin cewa wata rana Leonardo zai hau dandamali tun fitowar rana har faɗuwarta ko abinci bai nema ba, sannan ya yi kwana uku huɗu bai taɓa buroshi ba, sai dai ya zo ya tsaya yana kallo. Wani lokaci ya zo da tsakar rana ya yi shafa ɗaya ko biyu ya tafi. Mutum mai irin wannan hali ba zai iya da shafen da ke ba ka awa bakwai ba. Kuma salonsa na narkar da haske cikin inuwa a hankali sai an yi ta ɗora siraran shafi bisa juna, kowanne ya bushe kafin na gaba. Firesko bai yarda da wannan ba.

Bai kuma daddara ba. A 1505 ya fara zana Yaƙin Angiyari da hukumar Fulorens ta sa shi a babban zauren fadar gwamnati, ya sake gwada wata hanyar mai amfani da mai. Fentin ya ƙi bushewa, aka hura wuta a kasko a ƙasa don a busar da shi, na sama ya narke ya zubo. Ya bar aikin bai gama ba. A shekarun 1560 Jorjo Basari ya yi wa zauren sabbin zane-zane, na Leonardo ya ɓace sai kwafe-kwafen da wasu suka yi.

Sarkin_Gardama:
To na janye maganar kuɗi, amma rabi. Kuna ta yabon firesko kamar ba ya ciwo. Ba shi Mikelanjelon ne ya je wa Fafaroma da kuka cewa zanensa ya yi funfuna, shi dama ba mai zane ba ne, mai sassaƙa ne?

TsohonMagini:
Haka aka yi, a hoton ruwan Ɗufana, wanda yana cikin na farko da ya yi. Laifin haɗin shafen ne. A Fulorens da yashi suka saba. A Roma kuwa farar ƙasar daga dutsen tirabatin ake ƙona ta, kuma maimakon yashi ana haɗa ta da fozzolana, tokar dutse mai aman wuta. Wannan haɗi yana da ƙarfi ƙwarai in ya kama, amma an cika masa ruwa, ga hunturu, sai ya ƙi bushewa ya fitar da fari-fari a fuska. Juliyano da Sangallo, maginin da Fafaroma ya turo ya duba, shi ya gano haka. Aka rage ruwa, matsalar ta kau.

Malama_Kimiyya:
Kuma gaskiyar Malam Sarki ce, firesko yana ciwo. Maƙiyinsa na farko ruwa mai ɗauke da gishiri, ko daga rufi mai yoyo ko mai tasowa daga ƙasa. Gishirin yana daskarewa a ƙarƙashin fuskar zanen ya tunkuɗo ta. Na biyu hayaƙi mai sinadarin farar wuta, wanda ke mayar da ɓawon dutsen ya koma jifsam, abin da ake yin fi-o-fi da shi, shi kuma ya fi ɗaukar wuri, sai fuskar ta kumbura ta yi ƙuraje. A Benis, inda iskar kanta gishiri ce, Jorjone da Tishiyan sun yi firesko a bangon waje na masaukin 'yan kasuwar Jamus a 1508, yau gutsattsari kawai suka rage. Ba banza masu zanen Benis suka rungumi fentin mai a kan kyallen kambas ba.

Uwar_Launi:
Ba wanda ya taɓo launukan kansu, alhali rabin amsar tana nan. Farar ƙasa tana da kaifi, ba kowane launi ke jure zama da ita ba. Waɗanda ke jurewa su ne na ƙasa: rawaya, ja, ruwan ƙasa na Siyena, koriyar ƙasa, baƙin gawayi, da farin da ake yi daga ita farar ƙasar, a busar da ita ƙananan curi-curi a rana a niƙa.

Farin dalma, wanda Leonardo ya shimfiɗa, a kan allo lafiya lau yake, amma a bango mai laima yana iya juyewa ya yi baƙi. Wanda ke son ganin haka ya nemi hoton zanen Cimabuwe a majami'ar Asisi, na wajen 1280: duk inda ya sa fari ya koma duhu, hoton ya zama kamar nagatif ɗin fim.

Shuɗi shi ne babban ciwon kai. Mai sauƙin kuɗin, azurait, dutsen tagulla ne. Dole a bar shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa, don in aka niƙa shi ya yi laushi sai ya koɗe. Ba ya zama da kyau a ɗanyen shafe, saboda haka sai bango ya bushe a sa shi da gam ko ƙwai, abin da ake kira sekko. Sau da yawa ana fara shimfiɗa launi mai duhu ko ja-ja a firesko a ƙarƙashinsa don ya ƙara masa zurfi. Yau ku dubi zanen Jotto a ɗakin ibadar Sukurobenyi a Fadowa, na wajen 1305: fuskoki na nan garau, amma shuɗin mayafin Maryamu ya zube a wurare da dama, na ƙasan ya bayyana. A bango ɗaya kenan kina ganin amsar tambayarki, ƙanwata. Inda laima ta yi yawa ma azurait kore yake komawa.

Mai tsadar kuwa, ultaramarin, daga duwatsun Badakshan na Afganistan ake kawo dutsensa, ya biyo ta Benis. Niƙa kawai ba ta fitar da shi, toka-toka yake bayarwa. Cennini ya ba da ma'auni: ga kowace laba ɗaya ta garin dutse, oza shida na ƙaron fain, oza uku na ƙaron mastik, oza uku na sabon kakin zuma. A narka, a cuɗa da garin, a bar curin kwana uku ana murza shi, sannan a riƙa matsa shi cikin ruwan toka. Shuɗin ya fita ya kwanta a ƙasan kwano, dattin ya maƙale a curin. Matsar farko ita ce mai daraja, ta ƙarshe kusan toka. Tsadarsa ta sa ake rubuta shi a yarjejeniya: a wadda Domeniko Girlandayo ya sa wa hannu a 1485 don wani zanen allo na gidan marayun Fulorens, an ƙayyade shuɗin ya zama na kimanin fulorin huɗu, kuɗin zinariya na Fulorens, kowace oza.

MaiBuroshi:
Hajiya ta tuna mini da zanen Masacco a ɗakin ibadar Barankacci a Fulorens, shekarun 1420. Hoton korar Adamu da Hauwa'u kwana huɗu ne. Da shuɗin saman ya zube, sai iyakar kowace rana ta fito fili: Adamu yana cikin wani faci mai launi daban da na kewayensa. Da ido ake gani, ba sai da fitila ba.

BaZazzagi77:
Ku gafarce ni in na karkatar da zancen. Mai son gwadawa a nan, zai yiwu a kan filastar siminti? Ko a kan fi-o-fi ɗin da ake silin da shi? Kuma ba kusan abu ɗaya ba ne da zanen bangon gidajenmu na da?

TsohonMagini:
Ba ɗaya ba ne, ɗana. Namu ado ne da ake fitarwa da hannu a jikin yaɓen ƙasa, a kare shi da makuba ko laso, launi kuma daga baya yake zuwa. Inda suka yi kama kawai shi ne dukansu ba sa jiran bango ya bushe.

Malama_Kimiyya:
Fi-o-fi jifsam ne, ba ya yin wancan ɓawon dutse, saboda haka cire shi a lissafi. Siminti kuma yana da gishirin da zai riƙa fitowa ya yi fari a kan launi, ga shi ba ya barin bango ya yi numfashi. Don gwaji, a nemi jan bulo na ƙonanniyar ƙasa ko bayan tayil ɗin yumɓu mara ƙyalli, a jiƙa shi cikin ruwa ya ƙoshi, a yi masa shafi biyu kamar yadda Baba ya bayyana. Garin farar ƙasa na buhu, a jiƙa shi ya yi makonni a rufe da ruwa kafin a taɓa. Launi a fara da garin jar ƙasa da rawaya da baƙi irin wanda ake zubawa a siminti, don an yi shi ne ya jure kaifi. Buroshi mai laushi, kada a yi ta komawa wuri ɗaya, yana tayar da shafen launin ya yi fari-fari.

Lokacin hunturu da iska mai ƙura awa bakwai ɗin nan ba za ta samu ba, shafen zai ƙafe da wuri. A yi a inuwa, ɗaki a rufe. A sa safar hannu da tabarau, farar ƙasa tana cin fata, a ido kuwa abin ya fi muni.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, mai son ci gaba da batun gwaji ya buɗe masa zare daban. Tambayar ɗalibarmu tana da kashi na biyu, batun kula, ba a amsa ba.

Alƙalamin_Tarihi:
To, ranka ya daɗe. A batun kula kam Jibin Ƙarshe ya ga tasku. Basari ya gan shi a 1566 ya ce ba abin da ake gani sai tabo-tabo. A 1652 sufayen suka faɗaɗa ƙofar da ke ƙarƙashinsa, suka yanke ƙafafun Yesu. A 1796 sojojin Nafoliyon suka mai da ɗakin bargar dawaki. A watan Agustan 1943 bam ya rushe rufin ɗakin, bangon ya tsira ne don an tare shi da buhunan yashi.

Amma masu gyara sun fi bam ɓarna. Na 1726 ya cike guraben da fentin mai ya bi da banish, man ƙyalli. Na 1770 ya kankare ya sake zana fuskoki. A 1821 wani ya yi ƙoƙarin ɗaye zanen daga bango, dabarar da ake yi wa firesko, bai gane ba firesko ba ne sai da ya lalata wani yanki. Garin gyaran gira aka yi ta rasa ido. Gyara na ƙarshe, ƙarƙashin Finin Barambilla Barcilon, ya ɗauki daga 1978 zuwa 1999, ana aiki da madubin ƙara girma ana cire abin da wasu suka ɗora. Inda babu sauran fentin Leonardo aka cike da launin ruwa mai laushi wanda za a iya wankewa. Yanzu mutane kaɗan-kaɗan ake shigarwa, ta ɗakunan tace iska, minti 15 a fito.

Duk da haka a lura da jerin shekarun. An riga an ga lalacewar tun 1517, babu doki babu bam.

Sarkin_Gardama:
Yauwa, an zo inda nake jira. Wannan "tar" da ɗalibarmu ke faɗa, tar ɗin wa? Kafin wankin da aka yi daga 1980 zuwa 1994 rufin Sistin duhu ne da shi. Masana irin su Jemis Bek na Jami'ar Kolombiya sun yi ta ihu cewa an wanke har da inuwar da Mikelanjelo ya ƙara da baƙi da gam bayan shafe ya bushe. In haka ne, shi ma ya yi sekko, kuma an kwashe shi an zubar a bokiti.

Mai_Gyaran_Bango:
Malam Sarki, gardamar tana nan har gobe, amma a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Ayarin Janluwiji Kolalucci, waɗanda suka yi wankin, sun ce baƙin da ke kai kunkunniyar kyandir ce ta ɗaruruwan shekaru, da gam ɗin fata da masu gyaran baya suka shafa don launi ya yi sheƙi, wanda daga baya ya yi duhu yana ma jan fuskar zanen. An san a 1625 an goge rufin da burodi da kyalle, a farkon ƙarni na 18 kuma da soso da giyar inabi. Babbar hujjarsu ita ce a ƙarƙashin gam ɗin akwai datti, wato an shafa shi ne bayan zanen ya daɗe.

Yadda suka yi: wani haɗi mai kauri da ake kira AB57, mai ɗauke da bikabonet na amoniya da na soda, a shafa a ɗan yanki, minti uku, a wanke da tataccen ruwa, a bar shi awa 24 kafin a maimaita. Wuraren da suka tantance sekko ne sun bi su da wata hanya dabam.

Inda masu suka ke da ƙarfi: wannan haɗin ba ya tambayar gam ɗin wa ye. In Mikelanjelo ya ƙara wata inuwa a wurin da ba a tantance ba, ta tafi, kuma ba ta dawowa. Akwai hotunan kafin da bayan wanki da ke nuna wasu inuwoyi sun yi rauni. Ni dai ina ganin launukan nasa ne, amma ba zan rantse cewa ba a yi asarar komai ba.

Uwar_Launi:
Abin da ke ƙarfafa cewa shi mutumin ɗanyen shafe ne: da aka zo aikin bangon Ranar Hisabi a ɗakin Sistin ɗin, wanda ya yi daga 1536 zuwa 1541, mai zane Sebastiyano del Fiyombo ya sa an shirya bangon don fentin mai. Mikelanjelo ya sa aka farfashe aka sake shafen firesko. Kuma a can ne, ba a rufin ba, ya zuba ultaramarin son ransa.

Ɗalibar_Zane:
Allah ya saka da alheri, malamai. Amma har yanzu akwai abin da ke min kai-kawo. In da Leonardo ya bi hanyar firesko, zanen zai daɗe, amma zai zama wannan zanen da ake magana? Su waɗanda suka gan shi sabo ai abin da ya ruɗa su shi ne gilashin kofuna da zaren kyallen teburi.

MaiBuroshi:
Da wuya. Sheƙin gilashi da zurfin inuwa na mai ne, firesko fuskarsa a dushe take.

Sarkin_Gardama:
Ban yarda ba. Rafayel fa? Dubi karan-miski da fuskokin da ya yi a ɗakunan Fafaroma, duk a ɗanyen shafe.

Damagaram_Zane:
Rafayel ma ya nuna ana iya canza ra'ayi a firesko, in ka yarda da guduma. Takardar da ya fara tsara hoton Makarantar Atina a kanta, hoton da ya zana a bango tsakanin 1509 da 1511, tana nan a ɗakin karatu na Amburosiyana a Milan, kuma babu mutumin nan da ke zaune a gaba ya tallafe kumatu bisa dutse. Daga baya aka sare shafen wurin aka sa sabo aka zana shi. Malam Mai_Gyaran_Bango, tambaya gare ka: sabon faci a tsakiyar shafen da ya riga ya kama, ta yaya ake hana bakinsa tsagewa? Jiƙa gefen kawai ya isa, ko ana rage farar ƙasa a haɗin?

Mai_Gyaran_Bango:
Jiƙawa dole ce, kuma tun daren jiya ake farawa, ba da safe ba. A yanke bakin tsohon a karkace, haɗin ya zama iri ɗaya da na asali, a danne mahaɗar da bakin cokali sau biyu, na biyun bayan ya ɗan sha iska. Batun rage farar ƙasa kuwa na bar wa Baba TsohonMagini, in ya dawo daga masallaci.